Gudu da Suna: Nazarin Shaharar Mata 'Yan Tsere daga Mahangar Minna

Ranar 24 ga Yulin 2022, a birnin Eugene na jihar Oregon ta Amurka, Tobi Amusan ta yi tseren mita 100 na tsallake shinge cikin daƙiƙa 12.12, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba a duniya. A ranar kuma ta ci zinariya, ta zama ta farko daga Najeriya, a maza da mata, da ta ɗauki kambu a babbar gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. Bidiyon hawayenta lokacin da ake buga taken ƙasa ya karaɗe wayoyi, har na mutanen Tunga da Bosso da Kpakungu. Aka yi murna, aka ce 'yar Najeriya ta fidda mu kunya. Da kakar ƙwallon Ingila ta dawo a watan Agusta, gidajen kallo suka koma harkarsu, maganar ta kwanta.

Wannan nazari yana bin sawun tambayoyi biyu masu haɗe da juna. Me ke mayar da mace mai gudu tauraruwa? Kuma me ya sa a gari kamar Minna, inda ake gasar gidaje a makarantu kowace shekara, 'yan mata suna tsere suna cin kofi, shahara irin wannan kullum daga nesa take zuwa? Abin da zan kafa hujja a kai shi ne, hanyar da ake samun suna ta canja tsakanin zamanin Mary Onyali a shekarun 1990 da zamanin Amusan, kuma canjin ya ƙara nisanta 'yar Arewa da fagen, alhali da yawa suna ɗauka waya da intanet sun buɗe wa kowa ƙofa.

Agogo da maroƙi

Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani kan yadda ake yin suna a fagen wasa. 'Yan dambe da yawa sun yi kisa a zamanin Shago, amma Shago ake tunawa, domin yana da Ɗan Anace. Ƙarfin hannu nasa ne. Ɗorewar sunan aikin makaɗi ne. A tsere ma haka abin yake. Agogo yana faɗin wadda ta riga, ba ya faɗin wadda za a riƙa ambato bayan shekara talatin. Wannan sai an sami mai ba da labari, da masu sauraro, da wani abu a cikin labarin da ya taɓa damuwar jama'a a lokacin.

Tarihin matan da suka yi fice a duniya ya tabbatar da haka. Sai a 1928, a Amsterdam, aka bar mata suka shiga guje-guje a gasar Olamfik, kuma bayan tseren mita 800 na shekarar aka soke shi, wai ya fi ƙarfin mace, ba a dawo da shi ba sai 1960. Fanny Blankers-Koen ta ƙasar Holan ta ci zinariya huɗu a Landan a 1948 tana da shekara 30 da 'ya'ya biyu, kuma kasancewarta matar aure mai 'ya'ya shi jaridu suka fi kamawa. Wilma Rudolph ta ci zinariya uku a Rum a 1960, aka riƙa ba da labarin baƙar fatar da shan inna ya kama tana ƙarama, a daidai lokacin da Amurka ke fama da rikicin wariyar launin fata. Florence Griffith-Joyner ta yi mita 100 cikin daƙiƙa 10.49 da mita 200 cikin 21.34 a 1988, kuma har yau ba a karya ba, amma dogayen faratanta masu launi da kayan da take sawa sun yi wa sunanta aiki kusan kamar ƙafarta. Ta nuna wa kamfanoni cewa 'yar tsere tana iya zama haja. Derartu Tulu ta Habasha kuwa, da ta ci mita 10,000 a Basilona a 1992, abin da ya zauna a zukata shi ne zagayen da ta yi hannu da hannu da Elana Meyer, farar fata daga Afirka ta Kudu, ƙasar da ke fitowa daga mulkin wariya.

Zamanin tuta

A Najeriya an fara da Violet Odogwu, wadda ta ci tagulla a dogon tsalle a gasar ƙasashe rainon Ingila ta 1966 a Kingston, sai Modupe Oshikoya da ta ci zinariya a irin wannan tsalle a Christchurch a 1974. Amma shekarun 1990 ne ƙololuwa. A Basilona a 1992, Beatrice Utondu da Faith Idehen da Christy Opara-Thompson da Mary Onyali suka ci tagulla a gudun miƙa sanda. A Atlanta a 1996 Najeriya ta dawo da lambobi shida, huɗu daga ciki mata 'yan guje-guje ne suka kawo: zinariyar Chioma Ajunwa a dogon tsalle da mita 7.12, tagullar Onyali a mita 200, tagullar Falilat Ogunkoya a mita 400, da azurfar da Ogunkoya da Bisi Afolabi da Charity Opara da Fatima Yusuf suka ci a miƙa sanda. Fatima Yusuf ɗin, wadda 'yan Arewa da dama suka ɗauka tasu ce saboda sunanta, 'yar Owo ce ta jihar Ondo.

Wane ne maroƙin waɗannan mata? Gwamnati ce. An kafa gasar wasanni ta ƙasa a 1973, bayan yaƙin basasa, da niyyar ɗinke ɓaraka. An kafa NTA a 1977, kuma ba a ba masu zaman kansu lasisin watsa shirye-shirye ba sai daga 1992. Wato a mafi yawan gidajen da ke da talabijin a Minna a wancan lokaci, abin da NTA ta haska shi kowa ya gani, uba da uwa da yara da maƙwabtan da suka shigo kallo. Idan Onyali ta tsaya a layi, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya da ita, domin babu wata tasha da za a murɗa. Gasar ƙasa da kamfanin Mobil ya daɗe yana ɗaukar nauyi a filin Surulere tana da 'yan kallo. 'Yan sanda da kwastan da sauran hukumomin kaki suna ɗaukar 'yan wasa aiki. Ajunwa 'yar sanda ce.

Kada a yi wa zamanin kwalliya fiye da kima. Ko a lokacin, horon gaske a waje ake samunsa: Onyali a jami'ar Texas Southern ta yi, Ogunkoya a Mississippi State, Ajunwa kuwa tsohon ɗan ƙwallo Segun Odegbami ne ya tallafe ta bayan dakatarwar shekara huɗu da aka yi mata a 1992 kan gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari, zargin da ta sha musantawa. Kuma gwamnatin da ke ɗaga suna ita ke nuna wanda ta fi so. Ajunwa ta ci zinariyarta ranar 2 ga Agusta. Washegari 'yan ƙwallo suka doke Ajantina da ci 3 da 2, murnarsu ta danne tata. Ta yi shekaru tana kokawa cewa ba a yi mata abin da aka yi musu ba, kuma gidan da aka yi mata alkawari a Legas sai a 2021 ya zo hannunta, bayan shekara 25.

Duk da haka akwai abu guda a tsarin da ya dace da nazarinmu. Abin da ake tallatawa shi ne tuta. Kamara tana nesa, mai sharhi yana cewa Najeriya ce a layi na huɗu, kuma da an gama gasa 'yar wasan ta koma rayuwarta ba wanda ya san ɗakinta. Tsanin ma a bayyane yake: makaranta, shiyya, hukumar wasanni ta jiha, gasar ƙasa, sansanin horo. A ƙa'ida, yarinya daga makarantar 'yan mata a Minna ko Bida ko Kontagora tana iya hawa shi da izinin iyayenta, ƙarƙashin kulawar malama, da sunan jiharta.

Zamanin waya

Yau tsanin ya karye a tsakiya. Gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka tsara yi duk bayan shekara biyu, ba a yi ta ba tsakanin 2012 da 2018. NTA ta zama ɗaya cikin tashoshi barjat, kuma idon matasa yana kan waya. Wadda ke son suna dole ta bi wata hanya: gurbin karatu a jami'ar Amurka, wakili mai nema mata gasa, kwangila da kamfanin takalma, gasannin Diamond League, sannan shafin Instagram da take ciyarwa da hotuna kullum. Blessing Okagbare da Amusan duk ta jami'ar Texas da ke El Paso suka bi. Favour Ofili ta jami'ar jihar Louisiana.

Kuɗi ya ƙaru, babu musu. Karya tarihin duniya a Eugene ya zo da ladan dala 100,000, kuma a Faris a 2024 hukumar guje-guje ta duniya ta fara biyan dala 50,000 ga duk wanda ya ci zinariya a Olamfik. Murya ma ta ƙaru. A 2019 Allyson Felix ta fito fili ta ƙalubalanci kamfanin Nike kan yadda yake rage wa 'yan wasa kuɗi idan sun yi ciki, kamfanin ya canja ƙa'idarsa. Shelly-Ann Fraser-Pryce ta Jamaika da Faith Kipyegon ta Kenya sun dawo daga haihuwa sun ci gaba da cin zinariya, suka mayar da uwantaka wani ɓangare na sunansu. Ajunwa ba ta da irin wannan dama a 1996. Sai ɗan jarida ya ga dama ya je wurinta.

Amma sunan da kasuwa ta yi yana da sharaɗi. Kamfani ba tuta yake saye ba, fuska yake saye, da jiki, da salon gashi, da labarin rayuwa. Sha'Carri Richardson ta fi wasu da suka fi ta lambobi shahara, kuma kowa ya san dalili. Sannan irin wannan suna ba shi da gida. Glory Alozie ta ci wa Najeriya azurfa a Sidni a 2000, ta koma Sifaniya. Salwa Eid Naser, wadda ta yi mita 400 cikin daƙiƙa 48.14 a Doha a 2019 da tutar Bahrain, haifaffiyar jihar Anambra ce. A gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 an hana 'yan Najeriya goma shiga gasa saboda ba a yi musu adadin gwajin da doka ta tanada ba. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke mai jifan guduma, ta koma Amurka ta ci mata azurfa a Faris, gasar da Najeriya ta dawo hannu rabbana. A can ne kuma aka kasa sa sunan Ofili a tseren mita 100 bayan ta cancanta. Faɗuwa ma ta fi sauri: Okagbare, mai azurfar Beijin da zinariya biyu a Glasgow a 2014, an cire ta ana tsakiyar gasar Tokiyo, aka dakatar da ita shekara 10, daga baya aka mayar 11.

Inda Minna ta tsaya

Idan aka jera garuruwan da waɗannan taurari suka fito, Ijebu Ode da Sapele da Owo da Fatakwal da sauransu, za a ga taswirar ta karkata Kudu. Inda Arewa ta fi taɓukawa shi ne Filato, wadda tsaunukanta ke fidda masu gudun dogon zango irin su Deborah Pam, da ta sha zama ta farko a matan Najeriya a gudun fanfalaki na Legas. Minna kuwa, tun da ta zama hedikwatar jihar Neja a 1976, sunanta a wasanni na ƙwallo ne: filin Bako Kontagora gidan Niger Tornadoes ne a idon jama'a, ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙalubale a 2000. Kaduna ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, Bauci a 1991 da 2000, Ilori a 1985, Makurɗi a 1996. Neja ba ta taɓa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a Najeriya karɓar baƙuncin gasa shi ne babban dalilin da ke sa gwamna ya shimfiɗa titin gudu na roba ya sayi kayan aiki.

Ba ƙafa aka rasa ba. Duk wanda ya halarci gasar gidaje a makarantun garin ya san yadda fili ke ɗaukar ihu idan aka zo gudun miƙa sanda na 'yan mata, kuma garin da ya tara Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Fulani da 'yan Kudu ba zai rasa masu baiwa ba. Matsalar ita ce abin da ke biyo bayan ranar. A ba yarinya kofi ko bokitin roba, babban baƙo ya yi jawabi, a watse. Sau da yawa ba a riƙe agogo ba, balle a rubuta lokacinta a ajiye. Wadda ba ta da lokaci a rubuce ba ta da abin nuna wa koci a Abuja, balle jami'a a Texas. Shekarun da ake gina 'yar tsere, daga 13 zuwa 18, su ne kuma shekarun da gida ke fara jan yarinya ciki, ana maganar girma da kunya da aure. Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafi: bayan sace ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021 da Tegina a Mayun shekarar, uban da ke jinkirin barin 'yarsa ta yi tafiyar kwana zuwa gasa ba za a ce ya yi rashin hankali ba.

A nan ne canjin da na bayyana yake ciwo. Al'ummar Hausa ba ta taɓa hana mace suna kacokan ba. Ta san Nana Asma'u da ilimi, Gambo Sawaba da siyasa, Barmani Coge da waƙa. Amma tana ciniki a kan irin sunan, kuma wanda ta fi tsananta wa shi ne na bayyana jiki a gaban maza. Abin da ya sami Rahama Sadau a 2016, lokacin da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kore ta kan bidiyon waƙa, da cece-kucen hotunanta a 2020, darasi ne da kowace uwa a Arewa ta karanta. Tsohon tsari yana iya ce wa uba: 'yarka za ta wakilci jiha, malama na tare da ita, za ta sami aiki a hukuma. Sabon tsari yana ce masa: 'yarka za ta tafi ƙasar waje ita kaɗai, ta riƙa sa hotonta a duniya kullum don kamfani ya gan ta. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san wanne zai fi saurin cewa a'a.

Batun sutura

Da an ta da maganar, sai a ce ai kayan gudu ne matsala. A ganina an ɗora wa sutura laifin da ya fi nata. Dokar hukumar duniya ba ta wajabta ɗan kamfai ba. Abin da ta nema shi ne kaya masu tsabta, waɗanda ba sa nuna jiki ko sun jiƙe, kuma ba sa tare wa alƙalai gani. Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain ta ci zinariyar mita 200 a gasar Asiya ta 2006 a Doha da hijabi da dogon wando. Sifan Hassan, wadda ta ci gudun fanfalaki a Faris, da ɗankwali ta hau karɓar zinariyarta, a ƙasar da ta hana 'yan wasanta sa hijabi a gasar.

Ƙasashen Musulmi sun gwada hanyoyi biyu, kuma sakamakon a bayyane yake. Nawal El Moutawakel ta ci zinariyar mita 400 na tsallake shinge a Los Angeles a 1984. Sarki Hassan na Biyu ya rungumi nasarar a matsayin ta Maroko, ta zama ministar wasanni daga baya, ta kai mataimakiyar shugaban kwamitin Olamfik na duniya. Hassiba Boulmerka ta Aljeriya ta ci mita 1500 a Basilona a 1992 cikin barazanar kisa daga masu tsattsauran ra'ayi, har sai da ta koma yin horo a waje. Gudun duka gudu ne. Bambancin shi ne wanda ya riga ya fassara wa jama'a ma'anarsa.

Mafi kusa da mu ita ce Aminatou Seyni ta Jamhuriyar Nijar, 'yar Dosso, yankin da ya fidda gwarzon kokawa Issaka Issaka. A 2019 ta yi mita 400 cikin daƙiƙa 49.19, lokacin da ya sa ta cikin na gaba-gaba a duniya a shekarar. Dokar yawan sinadarin testosterone ta hana ta wannan tsere a Tokiyo, ta koma mita 200, ta zama zakarar Afirka a 2022, ta zo ta huɗu a duniya a Eugene, a makon da Amusan ta kafa tarihi. Wanda ke bin rediyon Hausa ya san sunan Issaka Issaka da kirarinsa da yawan takubban da ya ɗauka. Nawa ne suka san Seyni? Ga mace daga Sahel da ta kai matakin duniya, amma labarinta da Faransanci da Turanci ya fi yawo. Ta sami agogo, ba ta sami makaɗi ba.

Wannan ya nuna cewa ko an gyara fili an sayi takalma, aikin bai ƙare ba. Amma aikin ya cancanci wahalarsa: a gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2022 a Birmingham, zinariya 12 da Najeriya ta ci duk mata ne suka ci, kafin a ƙwace ta miƙa sanda saboda gwajin ƙwaya. Lambobi biyun Tokiyo, tagullar Ese Brume da azurfar Blessing Oborududu a kokawa, su ma na mata ne. Jihar da ta bar 'yan matanta a gefe ta fita daga ɓangaren wasannin da ƙasar ta fi cin riba.

Abin da jihar Neja ke iya yi bai kai tsadar ƙungiyar ƙwallo guda ba. Gasar 'yan mata zalla tsakanin makarantu, da alƙalai mata da kociyoyi mata, wadda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Minna za su iya taimakawa wajen horar da su. Kayan gudu masu rufe jiki ga mai so. Agogo da rajistar da ke ajiye lokacin kowace yarinya shekara bayan shekara. Da alkawarin gurbin karatu ko aiki ga wadda ta yi fice, domin shi ne yaren da iyaye ke ji. Sauran aikin na Rediyon Neja ne da NTA Minna da masu shafukan Hausa da Nufanci da Gbagyi: idan yarinya ta ci mita 100 a Bosso ko Chanchaga, a faɗi sunanta da makarantarta da lokacin da ta yi a labaran yamma, kamar yadda ake faɗin wanda ya ci wa Tornadoes ƙwallo.